Kafin ɗan koyo ya sayi tsirkiyar jitar bas

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina neman fili a wannan jarida mai albarka domin in yi wa matasanmu masu koyon jitar bas bayani kan abin da suke yawan yi wa riƙon sakainar kashi, wato tsirkiya, wadda 'yan kasuwa ke kira waya. Yaro zai tara kuɗi ya sayi jita, ya ɗaura mata duk wayar da mai shago ya miƙo masa, bayan mako uku sauti ya dushe, yatsu su yi ƙuna, sai ya ɗora laifin kan jitar ko kan kansa. Sau da yawa laifin na wayar ne.

A fara da tsawo, domin nan ake asarar kuɗi. Tun da maƙerin jita Leo Fender ya fito da jitarsa Precision Bass a 1951, inci 34 ya zama ma'aunin yawancin jitocin bas, shi ne aka rubuta Long Scale a jikin fakiti. Amma akwai gajeru masu inci 30, akwai masu 32, akwai kuma masu 35, galibi masu tsirkiya biyar. Gane naka ba wuya: ɗauki tef ka auna daga ƙashin nan mai tsagu da ke saman wuyan jita zuwa firet na 12 (firet su ne siraran ƙarafan da aka gindaya a wuyan jita), ka ninka biyu. In ka samu inci 17, taka mai 34 ce. In ka ɗaura doguwar waya a gajeriyar jita, ɓangarenta mai kauri zai naɗu a kunnen ɗauri, zuciyar wayar, wato ƙarfen tsakiya da aka yi wa naɗi, ta karye a nan. In kuma ta yi gajarta, siririn bakinta zai faɗa cikin tsagar ƙashin, ta riƙa zuzuniya. Jitar da ake zura wa waya ta bayan gangar jiki tana cin tsawo fiye da wadda ake maƙalawa a jaki, wato ƙarfen da waya ke hawa a gangar jita, a lura da wannan.

Sai kauri. Lambobin da ke fakiti, kamar 45, 65, 85, 105, kaurin kowace waya ne a kason dubu na inci, daga G siririya zuwa D da A har E mai kauri. Shawarata ga ɗan koyo ita ce 45 zuwa 100 ko 45 zuwa 105. EXL170 na kamfanin D'Addario na farkon ne, EXL165 na biyun, haka Hybrid Slinky na kamfanin Ernie Ball. Mai yatsu masu taushi yana iya farawa da 40 zuwa 100, sai dai siririyar waya tana saurin dukan firet in hannu ya yi nauyi. Abin da ba na so shi ne tsalle daga siririya zuwa mai kauri sosai ba tare da an gyara jita ba. Wayoyi huɗun nan suna jan wuyan jita da ƙarfin da ya haura kilo 70. In aka ƙara kauri, wuyan ya ƙara lanƙwasa, waya ta yi nisa da katako, dannawa ta zama aiki. Gyaransa yana wajen sandar ƙarfen da ke cikin wuyan, ana juya ta kwata ɗin zagaye a lokaci guda, kuma ɗan koyo gara ya kai wa wanda ya iya.

Naɗin waya iri biyu ne manya. Roundwound tana da kaushi a hannu, sautinta garau, ita ce ke zuwa a kan yawancin sababbin jitoci. Kamfanin Rotosound na Ingila ne ya yayata ta a shekarun 1960. Flatwound sumul take, muryarta a ƙasa, mai nauyi, tana shekaru ba a sauya ta ba, irinta makaɗin bas James Jamerson na kamfanin waƙa na Motown ya yi amfani da ita. Tana da tsada, ta fi tauri, kuma tana ɓoye kurakuran yatsa, shi ya sa na fi son mai koyo ya fara da Roundwound, ya riƙa jin ƙarar da hannunsa ke yi in yana zamewa, ya gyara. A wajen ƙarfe kuwa, a zaɓi mai rufin nikel. Baƙin ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi kaifin sauti, amma ya fi cin fatar yatsa da firet. Wayar tagulla ta jitar ƙwarya ce, wadda ba ta buƙatar lantarki, maganaɗisun jitar lantarki ba ya ɗaukarta da kyau.

Jabu ya yi yawa a kasuwa, kuma manyan sunaye ake kwaikwayo. Fakitin da kuɗinsa bai kai rabin na sauran ba abin tuhuma ne. A duba ledar ciki ko a rufe take ruf, a duba ɗigon tsatsa, a bi waya da yatsa a ji ko naɗin ya saki. D'Addario na sa lamba a ledar ciki wadda ake tantancewa a shafinsu na intanet. Alamar jabu bayan ɗauri ita ce wayar E ta fito a mace tun ranar farko, ko kuma sautin firet na 12 ya ƙi daidaita duk yadda aka matsa jaki.

Wajen ɗauri, a sauya ɗaya bayan ɗaya. A ja waya ta wuce kunnenta da inci 3 zuwa 4, a lanƙwasa ta sosai, sannan a yanke bayan lanƙwasar. Yankewa kafin lanƙwasa na iya sa naɗi ya kwance, musamman a waya mai zagayayyar zuciya. A cusa bakin cikin ramin kunne, a naɗa sau biyu ko uku, kowane zagaye a ƙarƙashin na baya. Kada a naɗe da hannu a kewaya kunnen, wannan na murɗe waya. In an kai sauti, a ɗan ja ta sama a hankali, a sake saiti, har ta daina sauka.

Yanayinmu ma yana da nasa hukunci. Da damina gumi da danshi ke kawo tsatsa, da hunturu kuma ƙura ke shiga tsakanin naɗi, katako ya bushe wuya ya motsa. A wanke hannu kafin kiɗa, a goge kowace waya sama da ƙasa da busasshen ƙyalle bayan an gama. Mai gumin hannu sosai ya duba masu rufin roba irin Elixir, duk da tsadarsu. Dafa tsohuwar waya a ruwa yana dawo da sauti na 'yan kwanaki ne kawai, kuma in ba ta bushe sarai ba tsatsa za ta ci ta daga ciki.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Mai koyar da kiɗan jita, Kaduna