Babana, kuɗin sun iso, muryarka ce bata iso ba

Assalamu alaikum Babana. Ya sanyi, ya aiki, da fatan kana lafiya. Mu nan alhamdulillah, sai ƙafar mamanka da ta ɗan motsa da shigowar hunturu amma da sauƙi. Ni da kaina nake buga wannan da yatsa ɗaya tun bayan isha'i, ban ba Auta ba don maganar ba ta kunnenta bace, in kaga kuskure kayi haƙuri da idon tsoho.

Kuɗin sun shigo ranar Talata, Allah yayi maka albarka ya ƙara buɗi, an biya na makarantar yaran Yayarka an sayi buhun masara. To amma yau wata huɗu da kwana tara rabon mamanka da jin muryarka. Ba ni ke ƙirgawa ba, ita ce, a jikin kalandar nan ta bayan ƙofa. Ta kira baka ɗauka, sai can da asuba a ga ka turo ina wajen aiki Mama zan kira, shikenan kuma sai wani watan alat ya shigo.

Sannan ɗan gidan Alhaji na bakin masallaci yazo hutu ya shigo gaishe mu. Ban tambaye shi komai ba, shi ya kwance bakin jaka. Wai da dare kana sito kana ɗaukar kaya, da rana kana gidan kula da tsofaffi, wai ka rame, wai a gaban mutane kace kai da Najeriya sai dai a labari. Har sunanka ma wai an gutsure shi an maida shi wani abu mai sauƙin faɗa a bakin Bature kuma kana amsawa. Sunan mahaifina fa, wanda ni ko sau ɗaya ban taɓa iya kama shi a bakina ba. Ban ce duk abinda ya faɗa gaskiya bane, na san yaron da ƙarin gishiri tun yana ƙarami, amma ramar da aikin ba su suka hana ni barci ba, aiki ai shi ya gina gidan da aka haife ka.

Ka san hoton tsohuwar Bolton da ke falo, wanda kuke dariya kuna cewa kishiyar mamanku. Kun tashi kuna ganinta amma ban taɓa zaunar da ku na baku labarinta yadda ya kamata ba, laifina ne. Yanzu da kake Manchester, tsakaninka da garin a jirgin ƙasa bai kai rabin awa ba, bari ka ji.

Shekarar 1975 masaƙarmu ta tura mu kwas Bolton a Ingila, mu uku. Na sha yawon neman ɗaki, ƙofa nawa aka buɗe aka kalle ni aka ce an riga an kama. Ita da ta buɗe sai ta dube ni sama da ƙasa tace shigo yaro, mutanena ma haka aka riƙa yi musu a ƙofofin garin nan. Lokacin ta haura saba'in, kurma ce kusan gaba ɗaya, sai ta kalli bakinka take gane me kake cewa, don ƙarar injin ta cinye kunnen, matan masaƙun can duk da laɓɓa suke hira daga wannan layin zuwa wancan. Tana da shekara 12 ta shiga aiki, rabin yini makaranta rabin yini masaƙa, haka dokarsu ta yarda a lokacin. Ɗakin shiɓa aka sa ta, kai ka san ɗakin shiɓa tunda ka sha kai min abinci Kakuri, inda ƙurar auduga ke tashi kamar hazon Janairu. Shekara arba'in da wani abu tana shaƙa. In ta hau bene sai ta tsaya sau biyu a hanya tana riƙe da ƙarfe, ƙirjin na kuka kamar tsohuwar zuga-zugi. Tace ranar Litinin tafi kowace rana wuya, in an huta Lahadi aka dawo sai ƙirji ya ɗaure. Da na dawo gida naji abokan aikina na faɗin haka sak, nace ashe ciwon ma tare da injin aka yo mana odarsa. Kar ka manta masaƙar farko ta Kaduna a 1957 da Turawan Lancashire ɗin nan, yankin masaƙun Ingila, Sardauna ya kafa ta, kuma tun kafin nan audugar Funtuwa da Zariya da Gusau can ake lodinta, wataƙila har ta ƙasarmu tsohuwar nan ta shaƙa.

Amma ita ba 'yar Ingila take kiran kanta ba, ko kusa. In tace gida, Ayilan take nufi, tsibirin nan da ke yamma da Ingila. Kakarta ce ta zo, tana yarinya 'yar shekara tara, a 1847, tsakiyar babbar yunwar da ta faɗa musu tun daga 1845 da cuta ta kama dankalin Turawa, wanda shi kaɗai ne abincin talakansu, ya ruɓe a cikin ƙasa shekara bayan shekara. Gonakin ba nasu bane haya suke, in ka kasa biya a rushe ɗakin a kanka, kuma ana cikin yunwar ana fitar da hatsi da shanu daga ƙasar zuwa Ingila. Wajen mutum miliyan ɗaya suka mutu, wajen miliyan suka tsere. Ƙasar da ta haura mutum miliyan takwas a ƙidayar 1841, har yau da nake maka maganar nan tsibirin bai koma wannan adadin ba. Su daga wani yanki suke a yamma da ake kira Mayo, nace mata ai mu ma muna da Mayo a Adamawa, tayi ta dariya har tari ya sarƙe ta. Su bakwai suka baro gida a ƙafa, uku suka sauka Liverpool, a shekarar kaɗai kusan mutum dubu ɗari uku irinsu suka sauka a tashar nan. Daga nan suka gangara Manchester, unguwar da ake kira Angel Meadow, suka samu ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ruwa ke tsattsafowa, iyali biyu uku a ɗaki ɗaya, yarinyar ta shiga masaƙa tana rarrafe ƙarƙashin injin tana tsintar auduga. Da yaƙin basasar Amurka ya tashi a 1861 auduga ta yanke masaƙu suka tsaya, suka sake ɗanɗana yunwar da suka gudo mata. Daga baya aka koma Bolton, uwa ta haifi ɗa a masaƙa ɗa ya haifi jika a masaƙa.

Duk wannan tana ba ni labarinsa ne ido a bushe tana zuba min shayi. Abu ɗaya ne in ta zo kansa muryarta ke canzawa. Akwai wani gwangwanin biskit a saman kabad, ciki wasiƙu uku ne da suka yi ja don tsufa. Na wan kakarta ne, ɗaya daga cikin ukun da suka tsira, da ya ƙara gaba ya tafi Amurka, wani garin masaƙu da ake kira Lowell. Ta farko da kuɗi a ciki da dogon bayani, limamin cocinsu ya karanta musu don babu mai karatu a gidan. Ta biyu da kuɗi, bayanin ya ragu. Ta uku layi huɗu ce, yana lafiya, aiki yayi yawa, zai rubuto. Daga ita ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ba wanda ya aiko yace ya mutu, ba wanda yace yana raye, kakar ta mutu tana tsohuwa tana tambayar mai kawo wasiƙa. Kuma tace min mutanensu a can gida har al'ada suka mayar, daren da yaro zai tafi Amurka sai a taru a gidansu a kwana ana ci ana sha ana kuka kamar zaman makoki, shi mamacin yana zaune a tsakiya da ransa, don kowa ya san ba za a sake ganinsa ba.

Babana tun ranar da yaron nan ya fita daga gidan nan nake tuna walimar da muka yi maka. Raguna biyu, 'yan Rigasa suka zo, Gwaggonka ta taso tun daga Malumfashi da ciwonta, kowa na murna ni ma ina washe baki. Yanzu in na kwanta sai in riƙa tambayar kaina wai walima muka yi ko zaman makoki muka yi bamu sani ba. Na ɗauko wayar mamanka na bi saƙonninka daga farko, shekarar farko har hoton dusar ƙanƙara kake turowa da muryarka ta minti goma kana ba ta labarin mai shagon Pakistan da ke sayar da kuɓewa, bara ya koma gaisuwar Juma'a, bana layi ɗaya. Wallahi wasiƙa ta ukun nan nake gani. Ni ba talauci nake ji maka tsoro ba, ba kuma cewa nayi zaka bar sallah ba, na san tarbiyyar da na baka. Tsorona mutum ya narke a hankali, ba faɗa ba gaba, kullum gobe zai kira, har ya zama kunyar daɗewar ma ta hana shi kiran.

Ka san tsohuwar nan bata taɓa taka Ayilan ba? Jirgin ruwa na kwana ɗaya ne daga Liverpool. Na tambaye ta dalili tace in taje wajen wa zata, sunan yankin kawai ta sani, sunan ƙauyen ya tafi da kakarta. Harshensu ma, don suna da nasu daban da Turanci, kakar da shi take addu'a da shi take faɗa, uban yana ji baya mayarwa, ita kuma kalma huɗu ko biyar suka rage mata, tana faɗa min su ɗaya ɗaya kamar mai ƙirga canjin da ya rage a ɗaurin zani. Tsara uku kacal. Ranar nan na rantse ko me za a bani bazan zauna ba, kuma an yi min tayin zaman, kaje ka tambayi Kawunka.

Na san abinda zaka ce, ka riga ka faɗa min shi a tsakar gida gaban ƙannenka daren da muka yi maganar filin Mando, kace Baba dawowar taka me ta tsinana maka. Ban amsa ba a ranar don in na buɗe baki abin ba zai yi kyau ba. Eh, an rufe masaƙar, shekara ashirin da bakwai na bayar aka sallame mu da takarda, har yau giratuti muna bin sa, rabin waɗanda muke zuwa zaman ƙungiya dasu suna maƙabarta. Ban musa ba. Amma ni na sa mahaifiyata a kabari da hannuna, kuma kai da kake wannan maganar ka san sunan garin kakanka ka san ƙofar gidan. Filin kuma da kake ganin kamar gori nake maka, ban taɓa yi maka gori ba, na sayar ne don naga kana da kai, ko yau aka dawo da baya zan sake sayarwa. Maganar yarinyar nan ma da har yanzu kake riƙe da ni a kanta, kai ka san abinda na gani a gidan, ban hana don son raina ba. In fushin ne kayi da ni, ni kayi wa, mamanka me ta maka? Matar da ke kwana da waya a ƙarƙashin filo ta ƙure ƙara don kar ka kira tana barci? Haba Babana. Kana wanke tsofaffin wasu kana basu abinci a baki, taka tsohuwar minti biyar ya gagara?

To. Na faɗi abinda ke cina, kuma na san ba daɗi kake ji ba, na san menene fitowa aikin dare cikin sanyin nan ƙafa kamar ba taka ba, ka shiga ɗaki ba mai ce maka sannu. Nima akwai watan da ban rubuto gida ba, tsohuwar ce ta lura, ta ajiye min takarda da biro kusa da farantin abinci tace ba zan ɗauke ba sai ka cika ta. Kai baka da mai yi maka haka shi yasa nake yi daga nan. Ban ce ka tattaro ka dawo gobe ba, na ga yadda ƙasar take, ka zauna ka nemi halalinka, ka gyara takardunka. In aikin biyu yayi yawa ka saki ɗaya, watan nan kar ka turo komai, masara zata kai mu.

In ka samu hutu wata Lahadi ka hau jirgi kaje Bolton ka gano min. Inaga layin namu an rushe shi, amma ance wasu masaƙun na nan tsaye da jan bulonsu an maida su sito, wa ya sani ko irinsu kake kwana a ciki. Ta rasu shekara biyu bayan dawowata, maƙwabciyarta ce ta rubuto min, gwangwanin kuma ban san hannun da ya faɗa ba don bata bar kowa ba.

Mamanka ta daka maka yaji da kuka da daddawa, ɗan gidan Alhaji zai taho dasu ranar ashirin ga wata, kaje ka karɓa da kanka kuma kar ka nuna masa komai. Bata san na rubuto ba, yanzu ma ta leƙo tana tambayar me nake yi da waya har ɗaya saura, nace lissafin kuɗin wuta nake. Ranar Juma'a bayan an sauko tana gida, ba inda zata. In ka kira kar ka tsaya bata haƙuri mai tsawo, tambaye ta ƙafar kawai, sauran ita zata yi.

Allah ya tsare min kai, ya yi maka albarka.

Babanka