Kafin Ka Sayi Oba-Oba Domin Gida Da Gona

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida domin in ja hankalin magidanta, manoma da makiyaya a kan wayar oba-oba, wadda yanzu ake samu a shagunan kayan lantarki. A watan Satumban 2021 hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, NCC, ta umarci kamfanonin waya su katse sabis a faɗin jihar Zamfara, daga baya matakin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina, Sakkwato da Kaduna. A lokacin ne kowa ya ga cewa salula ba ta tsinana komai in babu turken sabis. Oba-oba kuwa ba ta neman turke, ba ta neman layi ko kati. Murya tana tashi daga eriyar wannan ta sauka kai tsaye a eriyar wancan. Amfaninta ke nan, iyakarta ma ke nan, sai dai mai shago ba ya cika faɗin iyakar.

A jikin kwali za ka ga an rubuta kilomita 10, ko 16, wani har 50. Wannan awon daga kan dutse ne zuwa kan wani dutsen, babu komai a tsakani. Saƙon oba-oba a miƙe yake tafiya, kusan inda ido zai iya kaiwa. Mutum a tsaye, eriyarsa na sama da ƙasa da kamar mita ɗaya da rabi, bayan kilomita 5 doron ƙasa ya riga ya lanƙwashe ya tare masa hanya. Mutum biyu ke nan ba za su wuce kilomita 10 ba ko da a filin Allah ne fetal, kuma kafin a kai nan ƙasa ta shanye yawancin saƙon. Abin da za ka sa rai da shi a zahiri: cikin gari mai bulo da rufin kwano, rabin kilomita zuwa ɗaya da rabi, a gona ko daji mai sarari, biyu zuwa biyar. Amma ɗayanku ya hau Dala ko Goron Dutse a Kano, ko Kufena a Zariya, ko dutsen Kwatarkwashi, na'urar nan da ta kasa tsallake unguwa sai ta kai kilomita 15 ko fiye.

Saboda haka kada mai saye ya ruɗu da yawan wat. In ka ninka ƙarfin na'ura sau huɗu, daga wat 1 zuwa wat 4, nisan da za ka ƙara a kan ƙasa bai kai rabin na farko ba, batir kuwa ya ƙare da wuri. Irin wannan ƙarin za ka same shi a kyauta in ka ninka nisan eriyar daga ƙasa sau biyu. Wanda yake kwari ya hau tudu, wanda yake cikin ɗaki ya fito tsakar gida ko ya hau soro, wanda yake cikin mota ya fito, domin jikin mota ƙarfe ne. A riƙe na'urar eriya na kallon sama. In wannan ya miƙar da tasa wancan ya kwantar, mafi yawan saƙon ya salwanta a banza.

Ga iyalin da gonarsu ke da nisa, gyaran da ya fi biya shi ne a ɗaga eriyar gida. A samo eriyar waje wadda aka yi domin zangon da ake aiki da shi, wato mitar rediyon da na'urar ke watsa saƙo a kai, a ɗaura ta kan bututu mai tsayin mita 9, sai a janyo waya zuwa ɗaki. Daga wannan tsayi eriya tana hango kusan kilomita 12. Wurin wayar ne ake yin asara ba a sani ba: siririyar nan RG-58 tana cinye kusan rabin ƙarfin a kowace mita 10 in zangon UHF ne, wato mai mitar sama. A nemi mai kauri irin RG-213, kada kuma a bar ta ta yi tsawon da ba a buƙata. A naɗe mahaɗar waje da tef mai hana ruwa. Hadari ya taso, a zare wayar daga na'urar a ajiye bakinta nesa da mutane, saboda tsawa.

Gwajin da aka yi da rani ba ya ba da shaidar damina. Gero da dawa in sun yi tsawo sun jiƙe, itatuwa sun yi ganye, nisan yakan ragu sosai, musamman a UHF. Zangon VHF, mai mitar ƙasa da ta UHF, ya ɗan fi jure wa daji, amma yana son doguwar eriya ta kusan santimita 50, alhali ta UHF santimita 17 ta isa, kuma UHF ya fi iya ratsa lungunan gari.

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne, "Mun sa duka a tasha ta ɗaya amma ba ma jin juna." Lambar tasha ba komai ba ce illa suna da kamfani ya laƙa. Na'urorin da aka yi wa Turai, masu tambarin PMR446, suna aiki ne a megahaz 446, da rabin wat. Waɗanda aka yi wa Amurka, masu tambarin FRS, suna megahaz 462 da 467, tasha 22, ƙarfinsu ba ya wuce wat 2. Tasha ta ɗaya a wannan ba za ta taɓa haɗuwa da tasha ta ɗaya a waccan ba, ko da duka Motorola ne. Baofeng BF-888S mai tasha 16, wadda ta fi arha, ita kuma tana zuwa da zangunan gwaji na masana'anta, kuma ba ta da allo ko madannan lamba. Sai an haɗa ta da kwamfuta ta wayar saiti, a yi amfani da manhaja irin CHIRP, wadda kyauta ce. Abu uku ne dole su zo ɗaya a kowace na'ura: zangon kansa, lambar tacewa da ake kira CTCSS ko DCS, da faɗin tasha, wato ko WIDE ko NARROW. In na ukun ya saɓa za a ji juna, amma murya ɗaya ta yi ƙasa-ƙasa, ɗayar ta riƙa fashewa. Mafi sauƙi, a sayi iri ɗaya a lokaci ɗaya, mutum ɗaya ya saita su duka, a rubuta saitin a takarda a adana.

Ita wannan lambar tacewa, wasu kamfanoni suna tallata ta da sunan lambar sirri, kuma a nan hatsarin yake. Ta CTCSS wani ɗan sauti ne mai kauri, tsakanin haz 67 da kusan 250, da na'urarka ke haɗawa da muryarka. Aikinsa kawai ya hana lasifikarka buɗewa ga wanda ba shi da irin sautin. Kamar mutum ne ya toshe kunnuwansa a tsakiyar kasuwa yana ɗaga murya: shi ba ya jin kowa, kowa yana jin sa. Duk mai na'ura a wannan zango da bai sa lamba ba yana sauraron ku tsaf. A yankin da ake fama da 'yan bindiga, kada a ambaci kuɗi, ko yawan shanu, ko hanyar da za a bi da lokacin tashi. A yanka wa wurare da mutane laƙabi tun a gida.

Batun doka ma ba na wasa ba ne. A Amurka FRS ba ya buƙatar lasisi, masu tambarin GMRS, waɗanda suka fi ƙarfi, kuwa sai da lasisin hukumar sadarwar ƙasar, FCC, na shekara 10, wanda ya ɗauke iyali baki ɗaya. Wannan dokarsu ce, ba ta bin na'ura in ta tsallako teku. A Najeriya watsa saƙon rediyo yana ƙarƙashin izinin gwamnati: NCC ce ke tantance na'urorin sadarwa, Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya kuma tana ba da lasisin zango ga masu amfanin da ba na kasuwanci ba. A Nijar hukumar ARCEP ce. A tambaya kafin a saya, a riƙe rasit, a kuma sanar da mai unguwa ko dagaci da ofishin 'yan sanda na kusa, domin wanda aka tare a shingen bincike da oba-oba ba takarda zai sha tambayoyi. Na'ura irin Baofeng UV-5R tana barin mutum ya danna duk zangon da ya ga dama daga megahaz 136 zuwa 174, da kuma 400 zuwa sama. A cikinsu akwai 156.8 na kiran ceto a ruwa, da 406 na na'urorin neman agajin jirage, da zangunan jami'an tsaro. Ba wurin gwaji ba ne, ba kuma abin bai wa yaro ba ne.

Wajen magana, mutum ɗaya ne ke da fili a lokaci ɗaya. Ka danna maɓallin gefe, ka ɗan dakata daƙiƙa ɗaya, sannan ka yi magana, in ba haka ba kalmar farko ta yanke. Bakinka ya kasance kamar faɗin yatsu huɗu daga na'urar, ba tare da ihu ba. Ka fara da sunan wanda kake kira, sannan naka. Ka gama, ka saki. In na'ura ta danne a aljihu ko ƙarƙashin sirdin babur, ta rufe tashar ga kowa har sai batir ya mutu. Maganinsa saitin TOT: a sa shi daƙiƙa 60, zai yanke da kansa. A kashe VOX, saitin da ke sa na'urar ta fara watsawa da kanta in ta ji sauti, domin iska da ƙarar babur suna tayar da shi. SQL kuma, wanda ke rufe shuuu ɗin lasifika, a bar shi a 2 ko 3. In an kai shi 9, kiran da ya zo daga nesa ba zai buɗe ta ba. Kada a taɓa danna maɓallin magana babu eriya a jiki, ko eriyar ta yi sako-sako: ƙarfin yana komowa ciki ya ƙona abin da ke tura saƙon, sai na'urar ta riƙa ji amma ba a jin ta. Ɗaukar ta ta eriya shi ke karya mahaɗar.

Batirin UV-5R na yau da kullum 1800mAh ne. A sauraro yana iya wuni, amma magana a babban ƙarfi tana jan fiye da amfiya ɗaya, don haka hira ba tsayawa ba za ta wuce awa ɗaya da 'yan mintoci ba. A fara da LOW, sai an kasa ji a koma HIGH. Zafi ne babban abokin gabar batirin: kada a bar shi gaban mota ko kan kwano da rana, wanda ya kumbura kuma a daina caja shi. Inda wuta ba ta samuwa, a zaɓi mai cajin USB domin sola ta ɗauke shi, a duba kuma, domin mazaunin cajin UV-5R volt 10 yake nema, ba 5 ba. Ƙurar hunturu tana toshe ramin makirfo da lasifika, a riƙa sharewa da busasshen buroshi. Mai tambarin IP54 tana jure ƙura da yayyafi, IP67 ce ke jure faɗawa ruwa.

Dabarar da ke sa batir ya kwana biyu ita ce a tsayar da lokacin kira. Misali, kowa ya kunna minti goma bayan kowace salla. A ware tasha ta biyu da za a koma in ta farko ta cika da baƙin muryoyi. A kuma yanke tun farko abin da za a yi in kira biyu a jere suka wuce shiru: wa zai fita, ta wace hanya, a haɗu a ina. Kafin a dogara da na'urar, mutum ɗaya ya zauna a gida, ɗaya ya bi hanyar gona yana kira kowane rabin kilomita, ya lura da kwarin da murya ke ɓacewa da tudun da take dawowa. Yara da mata su ma su san waɗannan tudun.

A wajen saye, akwai masu kama da oba-oba da ake ce wa suna kai ɗaruruwan kilomita. A buɗe bayansu: in akwai ramin sa layin waya, to da sabis da data suke aiki, ranar da aka katse sabis su ma sun mutu.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Mai gyaran na'urorin sadarwa, Gusau