A bi ɓarawo, a ƙyale mai babur

Assalamu alaikum Edita. Duk sanda aka yi ƙwacen waya a Kano sai ka ji ana ta cewa a ƙara matsa wa masu babur, abin na damuna wallahi.

A Monterey, wani garin bakin teku a jihar Kalifoniya ta Amurka, an zargi 'yan Hells Angels, wata ƙungiyar masu babur, da fyaɗe a 1964, daga baya aka janye tuhumar, amma babban lauyan Kalifoniya Thomas Lynch ya fitar da rahoto a 1965 kuma 'yan sanda suka dinga tara bayanan 'yan ƙungiyar, ba kowane mai babur aka hukunta ba. Mu kuwa a 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero acaɓa aka hana ɗungurungum, magidanta nawa suka rasa na cefane? Don Allah 'yan sanda su bi ɓarayin da sunansu.

Mai karatunku, daga Fagge