Wasiƙa ga Auta: Ka Yanka Sautin Kiranka da Hannunka

Assalamu alaikum, Auta.

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya. Innarka ta ce kana shirin kai sabuwar wayarka wurin masu tura waƙa su sa maka sautin kira. Kada ka kai. Ba kuɗin nake ji ba. A cikin wayar nan akwai saƙon banki da lambobin mutane, kuma ni da kai ba ma ganin abin da yatsan wani ke yi a kan allo. Kwamfutarka da NVDA, manhajar da ke karanta wa makafi allo, sun ishe ka. Ita kanta NVDA makaho ne ɗan Ostareliya, Michael Curran, ya fara gina ta a 2006.

Ka sauke Audacity, manhajar yanka sauti, ita ma kyauta ce. Ka buɗe kiɗan da Ctrl da O, ka danna dogon maɓallin ƙasa ya fara. Daga nan sai kunne. Ka ajiye yatsanka a kan maɓallin da ke dama da harafin P, wato baka ta hagu. Da kiɗan ya iso inda kake so sautin ya soma, ka danna shi. Ka bar shi ya ci gaba, in ya kai inda za ka tsaya ka danna maƙwabcinsa, baka ta dama. Abin da ke tsakani shi ka zaɓa, kuma in ka tsayar da kiɗan da dogon maɓallin, ka sake danna shi, abin da ka zaɓa kaɗai za ka ji. Da wuya hannu ya dace a karon farko, sai ka maimaita. In ka ɓata wani abu, Ctrl da Z za su mayar da shi. Idan NVDA ta dame ka da surutu a kan kiɗan, taɓa Ctrl kawai, za ta yi shiru.

Wurin zaɓen ne mutane ke kuskure. Suna ɗaukar farkon waƙa, inda makaɗa ke ta ɗumama hannu, kafin abin ya kankama mai kira ya gaji ya ajiye. Ka shiga tsakiya, inda kiɗa ya riga ya tashi. Lasifikar waya ƙarama ce, ba ta fitar da amon babbar ganga. Wanda ya cika maka kunne a iyafis zai ɓace a aljihu in kana cikin adaidaita sahu. Algaita, goge da kalangu su ne ke huda hayaniya. Daƙiƙa 20 zuwa 30 sun wadatar. Ka zaɓi daƙiƙa biyun ƙarshe ka sa musu Fade Out daga jerin Effect, don kada sautin ya yanke kamar an ɗauke wuta. Sai ka sake zaɓar yankin duka, ka fitar da shi a MP3, ka tabbatar abin da ka zaɓa kaɗai ka ce a fitar.

Ka haɗa wayar da kebul, ka jefa fayil ɗin cikin jakar Ringtones. Sauran TalkBack, mai karanta maka allon waya, zai kai ka.

Ga abin da ya sa ma na zauna rubuta wannan: kada ka yi sauti ɗaya tak. Ka ba Inna nata, Yayarka nata, malaminka nasa. Mai ido yana leƙa allo ya san wane ne. Mu kuwa sai waya ta shelanta sunan mai kira a gaban jama'a. In kowa yana da kiɗansa, tun tana aljihu ka san ko kiran na tashi tsaye ne ko na jira. Sai dai lambar ta kasance a cikin waya ko asusun Google, domin wadda ke kan sim yawanci ba ta karɓar sautin kanta.

Karatun Alƙur'ani kam kada ka mayar da shi sautin kira. Za ka katse aya a tsakiya, wata rana kuma ta tashi kana banɗaki. Malamai da yawa sun yi hani da hakan. A masallaci da aji, ka rufe mata baki.

In ka gama ka yi mini filashin, zan kira mu gwada, ka faɗa mini wane kiɗa ka ba ni. In kakaki ne, ban ƙi ba.

Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka.