Zuwa ga Autata, sabuwar nas

Assalamu alaikum Auta, ya aiki ya haƙuri da jama'a? Na ji an mayar da ke ɓangaren masu hawan jini, shi ne na ce bari in ɗan faɗa miki abin da na gani lokacin da nake aiki, musamman kan amlodipine ɗin nan tunda kusan kowa shi ake rubuta wa.

Maganin dai kin san shi, yana saki hanyoyin jini ne su buɗe, ƙwaya ɗaya a rana, 5mg ko 10mg, tsofaffi wani lokaci a fara musu da 2.5mg. Wannan duk yana takarda. Inda aikinki yake shi ne mutum ya ci gaba da sha, don mutanenmu da zarar ciwon kai ya lafa sai su ce ai sun warke su ajiye, ba ki ƙara ganinsu sai an kawo su da shanyewar ɓarin jiki. Ki faɗa musu ƙarara, hawan jini ba zazzaɓi ba ne da ake sha kwana uku, kuma maganin kan ɗauki kusan mako kafin ya zauna a jiki.

Kumburin ƙafa kuwa, wanda maganin kan jawo, tun ran farko ki yi zancensa, kar ki jira. Mace za ta ga takalminta ya matse ta da yamma, maƙwabciya ta ce ƙoda ce ko sammu, shi ke nan an watsar an koma jiƙo. In kin riga kin gaya mata yana faruwa, ta riƙa ɗora ƙafa kan filo kuma ta dawo likita ya duba ko a rage ko a canza, to wallahi za ta dawo. Haka jiri, su tashi a hankali, su ɗan zauna bakin gado tukuna. Wanda ya manta bai sha ba kar ya haɗa biyu washegari. Da azumi a tsayar da lokaci ɗaya, sahur ko buɗa baki.

Ki tambayi abin da suke sha a gefe fa, magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen na kemis suna ɗaga jini, su kuma mutane ba sa lissafa su a magani. Gishiri ma ƙasa da gram 5 a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya, har da na dunƙule a ciki, ki yi maganar da mai girkin gidan don maigida bai san me aka zuba a miya ba.

Dan Allah kar ki auna mutum yana shigowa yana haki da goro a baki, ya zauna minti 5, hannu daidai ƙirji. In kin gama bayani ki ce Baba maimaita min yadda za ka sha, don da yawa "to" kawai suke cewa saboda kunya.

Abbanku na gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Ummanki