Maganar SSD ɗinka da ya ƙi tashi

Assalamu alaikum mutumina,

Ya Kano, ya iyali, ya zafi? Mu nan Nima a Accra lafiya lau, kasuwa a Circle dai sai a hankali. Na saurari saƙonka na WhatsApp, wai an ɗauke wuta kana cikin aiki, da ta dawo kwamfutar shagon ta daina ganin SSD ɗin, wato ma'ajiyar fayilolinta, kuma yaron da ka kai wa ya ce komai ya goge a yi fomat kawai. Don Allah kar ka bari ya taɓa shi tukuna.

Yawanci a irin wannan kayanka suna nan a cikin cip ɗin, abin da ya lalace shi ne littafin da ke nuna inda kowanne yake. Ka tuna sito ɗin masu goro da muke zama a bakinsa muna yara, huhu ɗari a jibge, mai gida kaɗai ke da littafin wane huhu na wane ne, in littafin ya faɗa ruwa goro bai je ko'ina ba amma rigima ta tashi. To haka. Windows in ya ce a ba shi adireshi lamba kaza, babu wani wuri tsayayye mai wannan lambar, kontirola, wato ƙwaƙwalwar da ke cikin SSD ɗin, ita ce ke duba tebur ta ga a wane shafi na wane bulok ta ajiye shi. Wannan aikin fassara adireshin shi ake kira FTL.

Dalilin wahalar kuwa halin NAND ne, wato cip ɗin da ke riƙe kayan, tun da Toshiba suka fito da shi a 1987: ana rubutu shafi shafi, 4KB zuwa 16KB, amma ba a sake rubutu kan shafin da aka riga aka rubuta sai an goge bulok ɗin gaba ɗaya, shi kuma bulok ɗaya shafuka ɗaruruwa ne. Shi ya sa in ka gyara ko harafi ɗaya a fayil kontirola ba ta komawa tsohon wurin, sabon shafi take nema ta rubuta, ta gyara teburin, ta sa wa tsohon alamar shara, daga baya in ta samu sarari ta kwashe masu rai daga bulok ɗin ta goge shi, tana yi tana kuma juya rubutun don kar bulok ɗaya ya tsufa ya bar saura, don irin NAND ɗin da ake kira TLC da ya cika kasuwa gogewa dubu ɗaya zuwa dubu uku yake ɗauka. Ka ga kenan teburin nan ba ya hutawa ko kaɗan.

Kuma ba ƙarami ba ne. Kowane 4KB yana cin bayit 4 a teburin, wato SSD mai 1TB kusan 1GB na taswira kaɗai yake buƙata. Masu tsada suna da DRAM nasu, wato cip mai sauri da ke mantuwa in wuta ta ɗauke, da suke ɗora shi a kai, lokaci lokaci su sauke kwafi cikin NAND. Masu arha, waɗanda mutanenmu suka fi so a Tip Toe Lane, layin masu sayar da waya da kwamfuta a Circle, babu DRAM, ɗan guntun tebur suke riƙewa, in NVMe ne, wato irin mai saurin nan, su ari kaɗan daga RAM ɗin kwamfuta. In wuta ta yanke a tsakiyar sauke kwafin nan, nan ake samun matsala. Kontirola mai kyau tana iya sake gina teburin, don a gefen kowane shafi akwai ɗan fili da ake rubuta adireshinsa da lambobin gyara kuskure, sai ta bi ta karanta. Wata kuma sai ta rikice ta nuna wani girma na banza, har Intel ya same su a 2011 da samfurin 320 da ke komawa 8MB bayan yankewar wuta. SSD na manyan kwamfutocin kamfanoni kafasita ake sa musu, mai riƙe 'yar wuta, don su ƙarasa rubutu, mu da muka sha dumsor, wato yawan ɗauke wuta a Ghana, a 2015 ai mu ya kamata a sa wa, amma ina.

To ga abin da za ka yi. Ka jona shi a wata kwamfutar, wuta kawai, ka bar shi kamar rabin awa, wasu suna farfaɗowa da kansu, sannan ka jona shi gaba ɗaya ka duba. In ya fito kar ka tsaya buɗe hotunan biki, kwafe komai nan take zuwa wani wuri. In bai fito ba sai masu na'urar da ke magana da kontirola kai tsaye, kuma kuɗi ne. Fomat dai a'a, don da an yi shi Windows zai aika umarnin TRIM ya ce wa kontirola adireshin nan duk ba kowa, ita kuma ta share, ba kamar tsohon hard disk ba da ake tono abu bayan wata shida.

Ka turo min hoton takardar da ke jikinsa da abin da BIOS, wato allon saitin kwamfuta kafin Windows ya tashi, ke nunawa, sunansa da girmansa. Kuma ka sayi UPS, wato batir mai riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ko ƙarami ne kafin ka sa sabo. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
na Nima