A daina ɓoye wa likita abin da yaro yake sha

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in yi magana da iyaye. Na yi aikin jinya a sashen gaggawa na asibitin ƙwaƙwalwa har na yi ritaya, kuma abin da ya fi ba ni wahala a aikin shi ne samun gaskiya daga bakin waɗanda suka kawo mara lafiya.

Za a shigo da saurayi cikin dare, an ɗaure masa hannu da rawani, yana ta sambatu, idanu jajur. In ka tambayi uwa ko yana shan wani abu, sai ta dafe ƙirji ta ce ɗanta ko sigari bai taɓa sha ba, iska ce ta buge shi, ko kuma sammu aka yi masa. Sai an zo sauya masa kaya a tarar da katin tiramol a aljihu. Na san kunya ce, da tsoron a ji a unguwa an haifi ɗan ƙwaya. In mace ce kuwa abin ya fi tsanani, don ana tunanin aurenta.

To amma ɓoyon nan yana iya kashe shi. Allurar kwantar da hankali da ake yi wa mai fisge-fisge, in ta haɗu da kodin ko giya a jiki, takan danne numfashi. Tiramol mai yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Wanda ya daɗe yana shan ƙwayoyin sa barci irin su roci ko diyazefam, in aka yanke masa lokaci guda, bayan kwanaki sai ya rikice ya fara jijjiga a kan gado, likita yana ta laluben dalili. Wiwi ma yakan jawo ruɗewar da ta yi kama da ciwon ƙwaƙwalwa na asali, alhali kulawar da kowanne yake buƙata nan gaba daban ce. Da za a ce "ga abin da yake sha, ga rabonsa da shi", da an rage rabin aikin.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A shekarar aka hana shigowa da maganin tari mai kodin da sarrafa shi, masu sha suka koma wasu abubuwan. Saboda haka duk gidan da abin ya faɗa wa, ba shi kaɗai ba ne.

Mu ma ma'aikata da namu laifin. In aka tarbi uba da faɗa a gaban jama'a, wa zai buɗe baki? Irin wannan ke tura mutane gidan mari, kuma mun ga abin da aka tarar a wani irin gidan a Rigasa ta Kaduna cikin 2019, mutane fiye da 300, wasu cikin sarƙa. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ta tanadi sirrin mara lafiya, ya kamata a riƙa gaya wa iyaye haka tun daga bakin ƙofa.

Masu zuwa dubiya kuma, don Allah a daina cusa ƙwaya cikin burodi ko kular abinci wai don tausayi.

Ina roƙonka ka gayyato likitan ƙwaƙwalwa ya amsa tambayoyin iyaye a shafin lafiya na jaridarka, ba tare da an buga sunan kowa ba.

Wassalam,
Ma'aikaciyar jinya mai ritaya, daga Kaduna